WISKIN SHINKAFA: KYAN AIKI YANA TSARKAKE ABIN DA AKA YI?



Ɗan ƙanwata, wanda yake aiki a Yamai, ya zo gida hutu. Wata rana da dare muna zaune a ƙofar gida, sai ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wata kwalba. Ruwan da ke ciki launin zuma gare shi, takardar jikinta kuwa da rubutun mutanen Japan. Wani baƙo ne ya kawo wa maigidansa tsaraba. Ya ce mini, "Kawu, kun sha gaya mana mu guji giya, na kuwa ji. Amma wannan daban ce. Wiski ce ta shinkafa. A wani ƙaramin gida ake yin ta, gidan da ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni. Shekaru take yi a ganga kafin a zuba ta a kwalba, kuɗinta kuma ya fi na ƙaramin buhun shinkafa. Abin da aka yi da haƙuri da tsabta haka, yaya za a haɗa shi da burkutun bayan kasuwa?"

Ban ba shi amsa a daren nan ba, gama na ga ba don raini ya yi tambayar ba. Tambayar kuwa ta fi ƙarfin kwalba guda. Ga ta a taƙaice: idan an yi abu da gwaninta, gwanintar nan tana maishe shi abin kirki? Bari mu duba tare, sannu a hankali.

INDA AKE YIN TA

A kudancin Japan akwai babban tsibiri mai suna Kiyushu. A cikinsa akwai jihar Kumamoto, a cikin jihar kuma akwai wani kwari da duwatsu suka kewaye, inda garin Hitoyoshi yake. Kogi mai ruwa garau ya ratsa kwarin, shinkafa kuwa tana yi ƙwarai. Mutanen wurin sun daɗe suna yin wata barasa ta shinkafa da suke kira shocu. Gidajen da ke yin ta a kwarin ba su kai 30 ba, da yawansu kuma na iyali ne. Gidan Fukano ya fara a 1823, gidan Ohishi a 1872.

Shocu tsohuwa ce a Kiyushu. A wani ɗakin tsafi na garin Isa, can kudu da kwarin, an sami katako da rubutun shekarar 1559. Kafintoci biyu ne suka rubuta, suna kukan cewa shugaban wurin marowaci ne, bai taɓa ba su shocu ba ko sau ɗaya. Ka ga ke nan ƙishirwar nan ta fi shekara 460.

YADDA AKE YI

Duk wanda ya taɓa ganin aikin burkutu ya san sai an jiƙa dawa ta yi tsiro. Tsiron ne yake juya garin ƙwaya ya zama zaƙi, zaƙin kuma shi yisti yake ci ya mai da shi giya. Masu wiski na Turai haka suke yi da sha'ir. Amma shinkafar da aka surfe aka goge ba ta tsiro. Saboda haka mutanen Japan suka bi wata hanya. Sukan turara shinkafa, su shanya ta ta huce, sa'an nan su barbaɗa mata wata irin funfuna mai amfani da suke kira koji. Kwana biyu ana lura da ita a ɗaki mai ɗumi, ana juyawa, ana taɓawa da hannu, har da tsakar dare. In zafi ya yi yawa ta lalace, in ya kasa ba ta kamawa. Funfunar nan ce take yin aikin tsiro.

Daga nan sai a zuba ta a randa ko tanki da ruwa da yisti, a ƙara wata turararriyar shinkafa, a bar su kamar mako uku suna tsima. Sa'an nan sai tukunyar tururi. Barasa tana tashi tururi a zafin digiri 78, ruwa kuwa sai 100. Don haka in aka hura wuta, tururin da ke tashi ya fi ɗauke da barasa. Yakan bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, yana ɗiga. Gwani ya san ɗigon da zai ware da wanda zai tara, da hanci da harshe yake ganewa. Abin da aka tara sai a zuba shi a gangar itacen ok, wadda wani lokaci ta taɓa ɗaukar ruwan inabin Sifen. Shekara uku, biyar, har goma, itacen yana ba ta launi da ƙanshi, wani kashi kuma yana bin iska kowace shekara.

A BA GWANI HAƘƘINSA

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta ko da a kan abin da ba mu so. Aikin nan yana da haƙuri, da tsabta, da lura. Mutumin da ya cika ganga yau, ya san sai bayan shekaru zai ga kuɗinta, ba rago ba ne. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa sanin aikin giya da koji na Japan cikin jerin gadon al'adun ƴan Adam. Ni kaina da na ji yadda suke tashi da tsakar dare don su duba shinkafa, na ji kunya saboda yawan aikin da muke yi da ha'inci, mu da muke kiran sunan Ubangiji.

Kula da aiki yana kuma kawar da wata ɓarna ta ainihi. A ƙasar Lawos, wadda ita ma take a Asiya, giya mai arha tana ko'ina. A watan Nuwamba 2024 baƙi 6 masu yawon buɗe ido suka mutu bayan sun sha abin sha a garin Vang Vieng. Akwai metanol a ciki, watau wata irin barasa ta masana'antu mai makantarwa da kisa. Biyu daga cikinsu ƴan mata ne masu shekara 19. Mai aiki da amana ba ya sayar wa mutane irin wannan guba. A nan ɗan ƙanwata yana da gaskiya: akwai bambanci tsakanin mai amana da macuci.

ABIN DA GWANINTA BA TA IYA CIREWA

Amma bayan an cire metanol, an cire dauɗa, an cire ƙarya, me ya rage a kwalbar? Abin da aka saye ta dominsa. Dokar Amurka, inda ake sayar da yawancin wiskin shinkafar nan, ta ce ba za a kira abu wiski ba sai barasar da ke ciki ta kai kashi 40 cikin 100. Bari mu yi lissafi irin na ƴan makaranta. Kwalbar mililita 750 tana da tsantsar barasa mililita 300. Ƙaramar kwalbar giya mai mililita 330, mai kashi 5 cikin 100, tana da mililita 16 da rabi. Watau kwalbar nan guda mai launin zuma tana ɗauke da abin da ke cikin ƙananan kwalabe 18.

Hanta ba ta karanta takardar jikin kwalba. Ba ta san shekarar da aka kafa gidan ba, ba ta san kuɗin da aka biya ba. Barasar da ke cikin burkutu da wadda ke cikin wiskin Kumamoto abu ɗaya ne a jiki, sai dai ta biyun ta fi ƙarfi sau da yawa. Tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. A watan Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa babu wani ma'aunin sha da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. A lissafinta kuma, mutum miliyan 2.6 suka mutu ta dalilin giya a shekarar 2019 kaɗai.

Ko sunan ma abin dubawa ne. A Japan, abin da aka yi da koji ba tare da tsiro ba, doka ba ta kiransa wiski. In kuma ya daɗe a ganga ya yi duhu ainun, ba a yarda a sayar da shi a gida da sunan shocu ba, gama an iyakance duhun launinta. Sai a sa shi a jirgi zuwa Amurka, inda dokar ta karɓi kowace irin ƙwayar hatsi, a can ya zama wiski. A 2021 ƙungiyar masu yin barasa ta Japan ta kafa ƙa'ida cewa sai da tsiro a ciki za a rubuta wiskin Japan a kwalba. Ruwa ɗaya ne, sunansa yana sākewa daga tashar jirgi zuwa tashar jirgi. Aikin da yake yi a cikin mutum kuwa bai sāke ba.

ZINARIYA ƊAYA, AIKI BIYU

Littafi Mai Tsarki ba ya raina gwaninta. A Littafin Fitowa sura 31 an ba mu labarin Bezalel. Allah da kansa ya ba shi hikimar aikin zinariya, da azurfa, da tagulla, da sassaƙar dutse da itace, domin ya gina alfarwa ta sujada. Amma juya shafi ɗaya kawai, zuwa sura 32. Haruna ya tattara ƴan kunnen jama'a ya ƙera ɗan maraƙi, suka yi masa sujada, mutum wajen 3,000 suka hallaka. A sura 35 kuma, irin ƴan kunnen nan ne jama'a suka kawo don aikin alfarwa. Zinariya iri ɗaya, wuta iri ɗaya, hannu mai iya aiki. Ba wanda ya tambayi Haruna ko maraƙin ya yi sumul. In ma ya yi kyau ƙwarai, kyansa ne ya ƙara jawo mutane.

Ga abin da na koya a nan. Gwaninta tana nuna yadda aka yi abu. Ba ta faɗi dalilin da ya sa aka yi shi, ba ta kuma faɗi abin da zai yi wa wanda ya karɓa. Maƙeri ɗaya yana iya ƙera hauya mai kyau, ya kuma ƙera mabuɗin ɓarawo mai kyau. Hausawa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke maganar kyan ɗan maciji.

"AI YESU YA MAI DA RUWA RUWAN INABI"

Na san za a faɗi haka, kuma gaskiya ne. Yana nan a Yahaya sura 2, shugaban bikin ma ya yabi kyansa. Zabura ta 104 ta lasafta ruwan inabi cikin kyautar Allah, Bulus kuma ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa. Ba zan ƙara wa Maganar Allah abin da ba ta faɗa ba. Akwai masu bi na gaskiya a wasu ƙasashe da suke shan ruwan inabi da abinci, ni kuwa ba alƙalinsu ba ne.

Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, ruwan inabin zamanin nan tsimi ne kawai. Yisti yakan mutu idan barasa ta kai wajen kashi 15 cikin 100. Tukunyar tururi mai ninka ƙarfin nan kusan sau uku ba ta bazu don abin sha ba sai bayan fiye da shekara 1,000. Duk da haka, da ruwan inabin nan marar ƙarfi Nuhu ya bugu ya kunyata a gaban ɗansa. Littafin Karin Magana sura 23 kuma ya gargaɗi mutum game da kyan launinsa a ƙoƙo da santsinsa a maƙogwaro, ya kwatanta ƙarshensa da saran maciji. Ka lura, launi da santsi su ne daidai abubuwan da ake yabon wiskin shinkafa a kansu.

Na biyu, Bulus bai tsaya a kan ko abu ya halatta ba. A Korantiyawa ta Fari sura 6 da sura 10 ya sa mu tambayi ko yana da amfani, ko yana gina ɗan'uwa, ko zai mallake mu. A Romawa 14 ya nuna gara mutum ya bar nama da ruwan inabi da ya zama sanadin faɗuwar ɗan'uwansa. Mai yin wiski bai san hannun da kwalbar za ta faɗa ba. A Japan kanta, kusan mutum 4 cikin 10 an haife su da jikin da ba ya sarrafa barasa sosai. Fuskarsu takan yi ja da ɗan kaɗan, in kuwa suka saba da sha, haɗarin ciwon dajin maƙoshi ya fi yawa a gare su. Wani zai sha ƙoƙo ɗaya ya rufe kwalba har wata. Wani ƙoƙo ɗayan nan ne zai buɗe masa ƙofar da ba zai iya rufewa ba. Ba a rubuta wa kowa a goshi ba.

Wana ɗaya ne daga cikin na biyun. Magini ne, gwani, har yau akwai gidajen da ya gina suna tsaye garau. Bai taɓa shiga gidan burkutu ba, yana ƙyamar wurin. A falon masu ba da kwangila ya fara, da kwalabe masu tsada, ana ce masa wannan ta manya ce. Da kuɗi suka ƙare ya koma ga mai arha. Ya rasu bai kai shekara 50 ba, cikinsa a kumbure, idanunsa rawaya. Biyu daga cikin ƴaƴansa a gidana suka girma.

ABINCIN MAI SANA'A FA?

Wani zai ce, iyalan nan na Hitoyoshi da wannan suke ci, manoma kuma a wurinsu suke sayar da shinkafa. Gaskiya ne, ba kuwa ƙaramar magana ba ce. A watan Yuli 2020 kogin kwarin ya yi ambaliya, mutane suka mutu, ruwa ya shiga wasu gidajen shocu ya lalatar da aikin shekaru. Duk mai zuciya zai ji tausayinsu. Ban ce mugaye ne ba, Allah ne masanin zuciya. Amma cewa da abu muke ci bai isa ya wanke abin ba. Hujjar nan ce Dimitiriyas maƙerin azurfa ya kawo a Afisa, cikin Ayyukan Manzanni sura 19.

Hikima kuma ba ƙofa ɗaya gare ta ba. Da kojin nan ne mutanen Japan suke yin miso da shoyu, kayan miya na waken soya da suke riƙe musu matsayin da daddawa take riƙe mana. Ga kuma labarin Jokichi Takamine, masanin haɗa magunguna. Ya tafi Amurka a 1890, ya zauna a garin Peoria yana ƙoƙarin yin wiski da koji. Gobara ta ci wurin aikinsa, kamfanin da ya ɗauke shi kuma ya durƙushe a 1895. Amma daga funfunar nan ya fitar da maganin narkar da abinci mai suna Taka-Diastase, wanda ya yi wa rajista a 1894. Daga baya, a 1900, shi da mataimakinsa suka tace adiranalin, wanda har yau likitoci suke yi wa mutum allurarsa idan zuciyarsa ta tsaya. Kai ɗaya, ilimi ɗaya. Wiskin ya faɗi, maganin kuwa yana ceton rayuka fiye da shekara 120.

MU FA?

Kada ka ce wannan maganar mutanen Japan ce. Dukanmu muna da wata kwalba mai launin zuma. Akwai mai iya magana, yana shirya tsegumi da daɗin baki har a ce hira ce. Akwai mai iya lissafi, yana gyara takardu har ba a ganin inda kuɗi suka bi. Akwai mai iya ciniki, mudunsa ya yi sheƙi amma gindinsa a bubbuge. Muna cewa, "Kai, wane gwani ne!" Sai mu manta mu tambayi wanda aka cuta.

Mu dattawan ikkilisiya ma muna da laifi, bari in faɗa. Talaka ya fito daga gidan burkutu, nan da nan mu kira shi horo. Mai kuɗi yana da kwalba a kabad ɗinsa, sai mu kau da kai, gama shi ya sayi kwanon rufin majami'a. Yakubu sura 2 ta kira wannan tara, ta kuma ce zunubi ne. Samari suna kallonmu. Daga wurinmu suka koyi cewa tsada tana sāke sunan abu. Ɗan ƙanwata bai ƙaga tambayarsa daga iska ba.

Da safe kafin ya hau mota na kira shi. Na ce, "Ɗana, mutanen nan gwanaye ne, na yarda. Ka koyi haƙurinsu da tsabtarsu, ka kai su wurin aikinka. Amma ka tuna da babban kawunka. Shi ma da irin wannan kwalba ya fara." Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ji, Kawu." Ina yi masa addu'a kowace rana.

Kai kuma, ya mai karatu, kafin ka yaba wa abu don kyan aikinsa, ko ka yaba wa kanka don ka iya, tambayi abu uku. Don me aka yi shi? Me zai yi wa mafi rauni cikin waɗanda za su karɓa? Zan iya ɗaga shi in gode wa Allah dominsa a gaban ƴaƴana? In kuwa sha ya riga ya ɗaure ka, ko na tsada ko na arha, kada kunya ta rufe maka baki kamar yadda ta rufe wa wana. Yesu Almasihu ya zo ne domin ɗaurarru, ba ya kuwa korar mai zuwa gare shi. Ka roƙe shi yau. Sa'an nan ka je wurin fasto ko wani dattijo da ka amince da shi ka faɗa masa gaskiya, ka je wurin likita kuma, gama wanda ya daɗe yana sha da yawa, daina sha farat ɗaya ba tare da kulawa ba yana da haɗari. Ubangiji ya ba ka ƙarfi. Amin.